Tashar Mannir

Shekara ashirin ina gyaran rediyo a Ƙofar Ƙaura.
In an kawo wanda ya yi shiru, na san inda zan taɓa:
waya ta tsinke, ko batir ya yi ruwa,
ko kyankyaso ya tare bayan lasifika.
Ɗana Mannir kuwa, shekararsa bakwai,
na rasa murfin da zan buɗe.

Kunnensa garau.
Yana jin babur ɗina tun daga kwanar masallaci,
ya riga kowa zuwa zaure.
Amma ka ce masa, "Ɗauko buta, ka kai wa Inna, ka rufo ƙofa,"
sai ya tsaya da butar a hannu
yana kallon bakinka,
kamar sauran maganar ta zube a hanya.

In zai ba da labari, daga wutsiya yake farawa.
"Akuya... jiya... abin nan... ta ci abin nan."
Kalmar tana nan, ina hango ta a idonsa,
ta zo bakin ƙofa ta ƙi yin sallama.
Yayyensa su ƙarasa masa, ba abin da yake nufi ba,
shi kuwa ya gyaɗa kai don a wuce wurin.

A makaranta an rubuta: ba ya mai da hankali.
Maƙwabci ya ce taurin kai ne.
Gwaggo Lantana ta ce a nemo ruwan da aku ya sha ya rage.
Mun nemo.
Ni ma, Allah ya yafe mani, na taɓa ɗaga hannu.

Ranar wata Talata a asibiti
Sista Murja ta baje hotuna a kan tebur,
ta yi awa guda tana wasa da shi, ba ta gaji ba.
Sannan ta juyo: wata nawa aka haife shi?
Uwarsa ta ce bakwaini ne,
kwana goma sha tara ya yi a kwalba.
A dangi akwai wanda magana ta yi wa nauyi?

Na dubi takalmina.
Ni ne aka kira Beben Sada har na shiga aji biyu.
Ga Kawu Dikko, wanda ya koma ga Allah
ana ce masa miskili.

Ta ce ba kurumta ba ce, ba wauta ba, ba iska ba.
Harshe ne ke tahowa da ɗingishi.
Yakan bi jini, yakan bi haihuwar gaggawa,
wani sa'in kuma ba wanda za a nuna da yatsa.
Ta ce kusan ɗaya ne cikin yara goma sha huɗu.

A kan babur na yi lissafin, yana riƙe da rigata.
Ajinsu mutum saba'in.
Biyar ke nan.
To ina sauran huɗun?
A wane benci suke ɓoye baki da littafi,
wane suna aka laƙaba musu,
wa ya kai su gaban wata Murja?

Yanzu in an tashi makaranta shagona yake zuwa.
Abu ɗaya nake faɗa, in nuna, in jira.
Jiran ne ya fi wuya.
Na saba juya tasha in ta yi shuu,
wannan kuwa ba a juya ta.

Jiya ya haɗa jar waya inda na nuna masa.
Ya ce, "Baba, rediyon Alhaji ya... ya..."
Alhaji Bishir na tsaye yana duba agogo.
Na cije leɓe, na ƙirga a zuci har goma sha biyu.

"Ya tashi."

Alhaji ya ce nawa ne kuɗinsa.
Sai da ya tambaya sau uku na ji.